Watannin Da Babur Ke Jingine: Yadda Masu Tseren Jeji Ke Kula Da Injin Mai Bugu Biyu A Lokacin Hunturu

Daga ƙarshen watan Oktoba, filayen tseren babur a arewacin Turai da arewacin Amurka sukan fara rufewa ɗaya bayan ɗaya. Gasar motokuros ta duniya, wadda ake buɗewa wajen watan Maris, ta riga ta kammala, an raba kofuna, kowa ya kama gabansa. A Suwidin da Finlan da Kanada da jihohin Amurka irin su Minesota da Mishigan, ƙasa takan daskare har taya ta kasa kama ta, sannan dusar ƙanƙara ta binne hanyoyin daji. Wasu 'yan tsiraru masu taurin kai sukan dasa wa taya ƙusoshi su hau kan tafkin da ya daskare. Sauran jama'a kuwa tura babur suke yi gareji, sai Maris ko Afrilu in Allah ya kai mu.

Wata huɗu ke nan ko biyar. Wanda ya ga babur a jingine zai ɗauka hutawa yake yi, amma makanikan wannan fanni sun san ba haka abin yake ba. Da sanyi ya janye sai shagunansu su cika da baburan da aka ajiye lafiya lau, yanzu sun ƙi tashi, ko sun tashi suna wani gurnani a ciki. Ba tsalle ya lalata su ba, ba faɗuwa ba. Zama ne. Kuma a cikin baburan jeji babu wanda zama ke cutarwa kamar mai injin bugu biyu, wanda makanikai ke kira tu-sitirok.

Injin da ba shi da rumbun mai

Wannan inji ba baƙo ba ne a wajenmu. Shi ne a cikin Vespa ta da, da Jincheng da 'yan acaɓa suka cika titi da ita a farkon shekarun 2000, da Yamaha DT da malaman gona da ma'aikatan rigakafi ke ratsa ƙauyuka da ita, da ƙaramin janaretan shago da ake zuba wa fetur haɗe da mai. Da shuɗin hayaƙinsa da siririyar ƙararsa ake gane shi tun daga nesa.

Injin mota da na yawancin baburan yau bugu huɗu yake yi kafin ya ba da ƙarfi sau ɗaya, kuma yana da rumbun baƙin mai a ƙasa inda ƙarafa ke jiƙe dare da rana. Mai bugu biyu ba haka yake ba. Duk juyi ɗaya na karanshaf sai wuta ta tashi. Fetur da iska sukan fara shiga ɗakin karanshaf, fistin ya matse su yayin saukowa, su bi ta ramukan da ke jikin silinda su hau sama. Tunda fetur ta ɗakin karanshaf yake bi, ba yadda za a yi a tara mai a wurin. Sai dai a gauraya man da fetur, ya bi shi ciki, ya shafi boris da fistin, ya ƙone ya fita ta salansa.

Man ba shi da yawa. Kamfanin Yamaha ya rubuta wa YZ250 kashi 30 na fetur ga kashi 1 na mai, KTM kuma ta ba 250 SX ɗinta 60 ga 1. Mahaya da yawa sukan tsaya a tsakiya, 40 ga 1, wato mililita 25 na mai a kowace litar fetur. Da wannan ɗan abin injin 125 ke juyawa har sau 11,500 a minti ɗaya, fistin na hawa da sauka kusan sau 190 a kowace daƙiƙa.

To da an kashe inji, mai ya daina zuwa. Abin da ya rage a jikin ƙarfe ɗan shafi ne wanda ke zubewa a hankali. Ga shi kuma ɗakin karanshaf ba a rufe yake ruf ba, iska na iya shiga ta salansa ko ta kafireto. Rana ta ɗumama gareji, dare ya sanyaya shi, raɓa ta kwanta a kan ƙarfe tsirara. Ɗigon tsatsa ɗaya a kan boris ɗin karanshaf ya isa. Ba zai hana babur tashi ba, amma bayan 'yan sa'o'i na gudu sai boris ya fara cin kansa, daga nan sai raba inji biyu. Kusan duk aikin da ake yi wa wannan babur a hunturu daga wannan rauni ya samo tushe.

Abin da ya sa bai mutu ba

An daɗe ana yi wa wannan inji jana'iza. Ya yi zamaninsa tun bayan da injiniya Walter Kaaden na kamfanin MZ a Jamus ta Gabas ya gano yadda za a ƙera salansa mai ƙaton ciki wadda ke mayar da fetur ɗin da ya tsere cikin silinda. A 1961 mahayinsa Ernst Degner ya gudu zuwa Yamma ya koma Suzuki, ilimin ya isa Japan. A 1968 Yamaha ta fitar da DT-1, ta buɗe kasuwar babur mai hawa titi da jeji. Tsawon shekaru kusan talatin bayan haka, mai bugu biyu ne sarki a fagen motokuros.

Sai a 1998 Doug Henry ya ci gasar motokuros ta ƙasar Amurka a kan Yamaha YZ400F mai bugu huɗu. Lamari ya juya. Dokokin hayaƙi suka tsananta, Honda ta daina ƙera CR125 da CR250 bayan 2007, Suzuki da Kawasaki su ma suka janye manyan nasu. Yamaha ce kaɗai a Japan ta riƙe YZ125 da YZ250. A Turai kuwa KTM ta Ostiriya, da Husqvarna da GasGas da ke ƙarƙashinta, da Beta ta Italiya da Sherco ta Faransa, suka ci gaba da inganta shi. A 2017 KTM ta fito da samfurin da ke fesa fetur da na'ura maimakon kafireto.

A tseren duwatsu mai tsanani har yau babu na biyunsa. A Erzbergrodeo, wanda ake yi a mahaƙar ƙarfe ta Eisenerz a Ostiriya tun 1995, mutum 500 ke tashi a babban zagaye, akwai shekarun da waɗanda suka kai ƙarshe ba su kai goma ba, kuma galibinsu a kan mai bugu biyu na 300 suke. Haka abin yake a Romaniacs ta Romaniya da Roof of Africa ta Lesoto. Babur ne marar nauyi, mai saurin amsa totur, kuma mutum zai iya buɗe kansa da sifana a garejin gidansa ya rufe kafin magariba. Wannan sauƙi ne ya mayar da hunturu lokacin aiki ga masu shi.

Wanka, sannan fetur

Da wanka ake farawa, domin laka tana riƙe ruwa, ruwa kuma yana cin ƙarfe. Kafin a watsa ruwa akan toshe bakin salansa, a cire soson iyakilina a rufe hanyar iska da murfi. Masu amfani da injin wanki mai ƙarfi sukan kauce wa wuraren boris, don ƙarfin ruwan yana ture roba ya shige ciki. Bayan wanka sai a tayar da babur a hau shi ya yi zafi sosai, duk ruwan da ya ɓuya ya ƙafe.

Sannan a zo kan fetur, wanda shi ne ya fi kowa laifi in babur ya ƙi tashi. Yawancin fetur ɗin Amurka yana ɗauke da kashi 10 cikin ɗari na etanol, kuma tun Satumbar 2021 shi ne fetur na yau da kullum a Birtaniya. Etanol yana jan laimar iska. In ya sha ya ƙoshi sai ya rabu da fetur ya kwanta a gindin tanki tare da ruwan, daidai inda bututu ke zuƙa. Wannan ruwa-ruwa ba ya ɗauke da man da inji ke buƙata. Ban da haka, sassan fetur masu saurin kama wuta sukan tashi su bi iska cikin 'yan makonni, su bar wani danƙo mai ɗoyi.

Wanda ya taɓa kwance kwanon kafireton da ya yi wata biyar da fetur ya san abin da ake nufi: gindin kwanon ya yi kore-kore, allurar da ke tsayar da mai ta manne, ƙaramin jet ɗin da ke riƙe inji a silo, wanda raminsa wajen rabin milimita ne, ya toshe har in an ɗaga shi ga fitila ba a ganin haske. Maganin ba shi da wuya. A rufe famfon mai, a kwance noti na ƙasan kwanon, a bar fetur ya tsiyaye. Tankin roba, irin na baburan tsere, gara a juye shi kaf. Tankin ƙarfe irin na tsofaffin DT kuwa cika shi ake yi har baki a zuba maganin hana fetur lalacewa, saboda ƙarfen da iska ta samu ne ke tsatsa. Sababbin da ke fesa mai da na'ura suna da famfo a cikin tanki, su ma da fetur mai magani ake barinsu, a tayar da su na 'yan mintuna don maganin ya zagaya.

Kare cikin inji

Akwai wani mai na feshi da ake sayarwa musamman don ajiyar inji. Kafin a juye fetur akan fesa shi ta bakin kafireto inji na aiki har hayaƙi ya turnuƙe, sai a kashe. Da haka ya isa ɗakin karanshaf ya lulluɓe boris. Daga nan a cire fulogi, a zuba kamar cokalin shayi na man bugu biyu a ramin, a taka kik a hankali sau da yawa don ya shafi bangon silinda. Masu lura sukan bar fistin a can sama domin jikinsa ya rufe ramin salansa.

Man giya daban yake, a nasa ɗakin tare da kuloci. Da zafinsa ake juye shi a zuba sabo, don kada dattin faifan kuloci da laima su kwana a ciki har wata biyar. A dubi abin da ya fito. In ya yi fari-fari, ruwan lagireto ne ke shiga ta robar famfon ruwa. In ana ganin ƙyalƙyalin ƙarfe da yawa, akwai abin da ke cinyewa.

Ruwan lagireto shi ma yana da nasa haɗari a ƙasashen sanyi. Wasu mahaya ruwa zalla suke zubawa a lokacin zafi. Ruwa kuwa in ya daskare yana ƙara girma da kusan kashi 9 cikin ɗari, wanda ya isa ya fasa lagireto ko ya tsaga silinda. Haɗin rabi ruwa rabi maganin daskarewa yana jure sanyi har wajen digiri 35 ƙasa da sifili.

Akwai wata ɗabi'a da mutane ke ɗauka alheri ce: shiga gareji kowane mako a tayar da babur na minti biyu a kashe. Wannan cuta ce. Ƙonewar fetur tana haifar da tururin ruwa, kuma injin da bai yi zafi sosai ba ba ya iya kore shi, sai ya kwanta a ɗakin karanshaf da cikin salansa. Kowace tayarwa ƙarin ruwa ce, ga kuma wanke man da aka sha wahalar shafawa. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Ko dai a hau shi ya yi zafi na gaske, ko a ƙyale shi.

Buɗe kan inji

Baburan tsere ba da kilomita ake lissafin wahalarsu ba, da sa'o'i ne, shi ya sa ake ɗaura musu ɗan agogo mai ƙirga lokacin da inji ya yi yana aiki. Mai tsere da 125 yakan canza fistin da ringi bayan sa'o'i ashirin ko kusa da haka. Mai yawon daji da 300, wanda ba ya matsa wa inji, yana iya kaiwa ɗari. Hunturu ne lokacin da ya fi dacewa da wannan aiki, tunda babu gasar da ake gudun rasawa in kayan gyara sun makara.

Aikin kansa abin kallo ne. An juye ruwa, an cire tanki da salansa, an kwance notocin kai, an zare silinda sama a hankali. Kafin a taɓa komai sai a cusa tsumma mai tsabta a bakin ɗakin karanshaf, domin 'yan zobban waya biyu da ke riƙe sandar fistin suna da halin tsalle, kuma in ɗaya ya faɗa ciki aikin yini ɗaya ya zama na mako. Sannan a juya tsohon fistin a hannu a karanta shi. Baƙi-baƙin da ya gangaro ƙasa da ringi yana nuna wuta na tserewa. Zane-zanen tsaye a gefen salansa alamar zafi ne ya yi yawa ko mai ya yi kaɗan. In gefen kafireto ne ya goge ya dushe, ƙura ce ke wucewa ta iyakilina.

Sabon ringi akan sa shi shi kaɗai cikin silinda, a auna tazarar bakinsa da siririn ma'auni, wajen rabin milimita a injin 250, gwargwadon abin da littafin babur ya ce. Kibiyar da ke kan fistin salansa take kallo. Zobban waya ba a maimaita tsoho, kuma bakinsu sama ko ƙasa ake juya shi, ba gefe ba, don kada girgiza ta fizge su. A kama sandar da ta haɗa fistin da karanshaf a ja sama da ƙasa: motsin gefe kaɗan ba laifi, amma in ta motsa sama ko da ƙanƙani, boris ɗin ƙasa ya gama aiki.

Tunda silinda na hannu, sai a wanke bawul ɗin da ke ƙara ko rage faɗin ramin salansa, wanda baƙin toka ke kamawa har ya daina motsi. A ɗaga siraran faifan da ke bakin shigar fetur ga haske, in akwai tsagewa ko sun daina kwanciya daidai a canza. Masu ƙwazo sukan toshe duk ramukan inji su hura masa iska kaɗan su ga ko zai riƙe. In bai riƙe ba, wataƙila robar gefen karanshaf ce ta bushe, kuma iskar da ke satar shiga ta nan tana iya narkar da sabon fistin a fitar farko. Auduga mai jure zafi da ke cikin bututun ƙarshe na salansa ita ma takan jiƙe da mai, sai a zare a naɗa sabuwa.

Sauran jiki

Inji ne ke ɗauke hankali, amma kuɗi sukan zube ne a boris ɗin da ba a gani: na wuya, na hannun da ke riƙe tayar baya, da na mahaɗar shakazoba, wadda ke can ƙasa inda laka da ruwa ke dukanta kullum. Giris ɗin da suke zuwa da shi daga masana'anta ba shi da yawa. In aka bar su da ruwa a ciki har bazara, sai a tarar ƙananan sandunan sun zama jan gari. Kwancewa, wankewa da cika su da giris mai hana ruwa aikin yammaci ɗaya ne.

Man shakazoba na gaba yana tsufa kamar kowane mai, kuma shagunan da ke gyaran su sun fi samun sarari a Disamba fiye da Maris. Man birki yana shan laima, shi ya sa ake sauya shi duk shekara ko biyu. Sarƙa a wanke ta a shafa mata mai, in haƙoran faifanta sun lanƙwashe a canza su tare da ita, don tsohon faifai yana cinye sabuwar sarƙa. Wayoyin wili a bi su da sifana ana ƙwanƙwasawa, wadda ta yi sako-sako sautinta daban ne. Sannan a ɗora babur a kan kujerarsa tayoyi su bar ƙasa. Mai batir kuwa a cire batirin a kai cikin ɗaki, musamman na litiyam wanda ba a yi masa caji a cikin sanyi mai daskarewa.

Abokin gaba na ƙarshe ɓera ne. Akwatin iyakilina wuri ne mai ɗumi, soso kuma kayan shimfiɗa ne a wajensa. A rufe akwatin, a toshe salansa, a rataya wata alama a kan totur don kada a manta a tayar da shi a toshe. Rufin da za a yi masa ya zama yadi mai shan iska. Leda tana tara gumi a ƙarƙashinta.

Ranar fitowa

In an yi duk wannan, fitowa ba ta da wuya: sabon haɗin fetur, sabon fulogi, soso mai sabon mai, iskar taya wajen 12 zuwa 14 a ma'auni, a duba ruwa da birki da notoci. Zai yi hayaƙi fiye da kima na 'yan mintuna yayin da man ajiya ke ƙonewa. In an sa sabon fistin, akan bar shi ya yi zafi ya huce sau biyu ko uku kafin a buɗe masa totur.

Mu nan ba mu da ƙanƙara, amma muna da ajiya. Janareta yakan yi watanni a lungu in wuta ta samu, babur yakan zauna in mai shi ya yi tafiya ko ya tafi ci-rani. Zafinmu ya fi sanyinsu saurin lalata fetur, laimar damina tana yin abin da raɓar garejinsu ke yi, ƙurar hunturu tana shiga duk inda ta ga ƙofa, zanzaro kuma yana iya gina ɗakinsa a bakin salansa ko a bututun numfashin tanki cikin 'yan kwanaki. Ga wata matsala tamu ta daban: zuba baƙin man mota a fetur a madadin man bugu biyu. Ba don ƙonewa aka yi shi ba, toka yake bari wadda ke kama ringi ta toshe salansa.

Duk mai irin wannan inji da zai ajiye shi fiye da wata guda, abu uku ne ba ya tsallakewa: ya juye kafireto, ya zuba cokalin mai ta ramin fulogi, ya toshe ƙofofin iska. Ba za su ci masa rabin sa'a ba, kuma kuɗinsu bai kai na fulogi ɗaya ba. Wanda ya ƙi kuwa, shi da makanike ne za su yi cinikin sabon karanshaf.